Ba A Rataye Ɗan Kanari A Bayan Gida

Assalamu alaikum. Shugaban taro, mai girma Hedimasta, Mai Unguwa, malamai, iyaye 'yan'uwana maza da mata, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni wannan dama.

Sunana Sailuba, mahaifiyar Ikilima ta aji uku. Tunda ma'aikatan Abuja suka cika mana gari, aji ya yi kaɗan, shi ne kwamiti ya yanke a kwashe yara marasa ƙoƙari a mai da su gindin mangwaro, inda babu malami. Har da 'yata. Da na yi magana, wani a kwamitin ya ce, "Baba Sailuba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Wato ni ta gado, tunda ban yi makaranta ba.

To, tunda an kawo tsuntsu, mu yi maganar tsuntsu.

Na farko, ɗan tsako ranar da ya fito daga ƙwai yake tsattsaga, ba wanda ya koya masa. Wannan gado ne, na yarda. Amma kanari ba haka yake ba. Mahaifina ya yi kiwonsa a Bagama, kuma kullum kejin ƙarami kusa da na tsoho mai murya yake ratayewa. Yakan ce, "Ke Sailuba, kar ki matsar min da shi, karatu yake yi."

Na biyu, na tambayi Malam Yohanna mai koyar da kimiyya. Ya ce a ƙwaƙwalwar irin waɗannan tsuntsaye akwai wurin waƙa, an haife su da shi tun kaka da kakanni, amma sai sun ji suke iyawa, kuma ga wasunsu in ƙuruciya ta wuce, koyon ya yi wuya.

Wannan kuwa na san shi a jikina. Da furfura na shiga yaƙi da jahilci, har yau da yatsa nake bin layi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba zan zuba ido Ikilima ta bushe a gindin bishiya ba.

Don haka ranar Litinin zan zo da tabarmata, in shimfiɗa a ƙofar aji uku, in zaunar da ita inda za ta ji muryar malami. Duk uwar da aka fitar da nata, tabarmar tana da faɗi. Mai tashinmu, ya taho da malami a hannunsa.

Allah ya buɗa wa yaranmu, ya saka wa malamai da alheri, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.