Ƙarshen Majigin Malam Inuwa

Jawabin da Furera Adamu ta karanta a filin makarantar firamare, Tiga, a taron tunawa da marigayi Malam Inuwa Makanike, 1991.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman. Shugaban ma'aikatan ruwa, Hedimasta da malamanmu, Baba Jibrin shugaban masunta, Baffa Dikko da mutanen ruga, iyayenmu maza da mata. Inna Kulu, matar marigayi, da Yaya Balarabe, babban ɗansa, ina yi muku gaisuwa, ina ƙara yi mana ta'aziyya.

Na san wasu suna mamakin ganina a nan. Ni ma haka. Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare, kuma malamaina shaida ne, na yi shekara shida a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Amma Yaya Balarabe ya zo gidanmu ya ce mahaifinsa ya bar saƙo yana kwance, cewa in an taru dominsa a bar Furera ta yi magana. Na san dalili. Ku yi haƙuri da ni, zan kai wurin.

Malam Inuwa ya kasance makanike a wurin aikin ruwa tun ana gina dam. Ya kasance mutumin da in injin ban ruwanka ya tsaya, ba sai ka aika ba, shirun injin zai kawo shi gonarka. Famfon makarantar nan sau nawa ya kwance shi ya mayar, babu wanda ya ƙirga. Ya kasance mai gyara wa matan unguwa fitila da keken ɗinki, in an gode masa ya ce ƙarfen ne ya ga dama.

Amma mu yara, da majigi muka san shi.

Wani Bature da ya gama aiki zai koma ƙasarsu ya bar masa na'urar da faifan fim guda uku. Takardar da ke jikin faifan ta yage, don haka ba mu taɓa sanin sunan fim ɗin ba. Mu dai Mai Jaki muke ce masa. Labarin wasu mutane ne da ruwa ya ci garinsu, uba da uwa da 'ya'ya uku da jaki ɗaya, suka bi duwatsu da daji suna neman inda za su zauna. Yarensu babu mai ji, har Hedimasta ya ce ba Turanci ba ne. Malam Inuwa ne yake tsayawa gefe yana fassarawa, shi ma ba ji yake ba. Shi ya raɗa wa ƙaramar yarinyar suna Auta. Wata rana uban yakan ce, "Ku yi haƙuri," wata rana a daidai wurin yakan ce, "Wa ya cinye min ƙuli?"

Ya kasance yana nuna shi ranar Asabar da hantsi, a tsohon sito, a toshe tagogi da buhu. An ce masa majigi ai abin dare ne. Ya ce in ya bari sai dare, 'yan mata da yaran ruga ba za su gani ba. Ba ya karɓar komai a ƙofa, sai dai ka wanke ƙafarka a famfo. Muna zaune a ƙasa, zufa na zuba, ƙaurin tayar keke da manjan da yake lallaɓa na'urar da su yana tashi, kuma babu inda ya fi mana nan daɗi a duniya.

Kowa da abin da yake gani a ciki. Tsofaffin da ruwan dam ya tashe su daga garuruwansu, da zarar an nuna uwar tana waiwayen rufin ɗakinta a cikin ruwa, sai ka ji sito ya yi tsit. Matan unguwa suna ƙorafin cewa tafiyar wata guda, ba a taɓa ganin matar nan ta ɗora tukunya ba. Baba Jibrin ya ce itatuwan da uban ya ɗaure don ƙetare kogi, ko kwaɗo ba za su ɗauka ba. Baffa Dikko ya ce duk gidan babu mai hankali sai jakin.

Kun san inda fim ɗin yake tsayawa. Suna tsakiyar kogi, jakin yana iyo a gefe, igiya ta tsinke, Auta ta faɗa ruwa, uban ya yi tsalle. Daga nan sai bango ya yi fari fat, faifai yana ta kaɗawa. Sai Malam Inuwa ya kashe na'ura ya ce, "To jama'a, ku ƙarasa."

Shekara bakwai muna ƙarasawa. Baba Jibrin ya rantse uban ne zai ciro ta, don ya ga yadda ya shiga ruwa, shigar masunci ce. Baffa Dikko ya ce a bar batun uban, a duba dabbar. Har rabuwa suka yi wata Asabar babu sallama, Baba Jibrin yana ce masa, "Kai da ko tafki ba ka shiga, me ka sani?" Washegari aka gan su suna musayar kifi da nono. Inna Kulu kuwa da an kai bakin kogi take ɗaukar mayafinta ta fita. Malam ya sha gaya mata yarinyar ta rayu, ta ce mutumin da ke ƙirƙira wa Turawa maganar ƙuli, ba za ta yarda da shi ba sai ta gani da idonta.

Kowa ya ɗauka haka Baturen ya bar faifan. Ba haka ba ne. Ni na yanke.

Ranar da Malam ya fara gwada na'urar, Inna Kulu ta aike ni sito da furarsa, domin katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ya ce in zauna. Mu biyu muka kalla har ƙarshe. Lokacin shekarata bakwai, mahaifiyata tana kwance ba ta iya fita. Na so in ba ta labarin, amma na san bakina ba zai iya ba. Da Malam ya fita alwala, na ɗauki rezarsa, na ja zaren fim ɗin daga baki, na yi ta ja, wajen kamu ashirin, na yanke, na naɗe a kara. Mahaifiyata ta ɗaga shi a hasken ƙofa tana kallon 'yan hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana dariya. Bayan wata biyu Allah ya yi mata rasuwa. Tsoro da kunya suka hana ni mayarwa.

Malam ya sani. Wa kuma ya shiga siton? Bai gaya wa mahaifina ba, bai hana ni shiga ba, bai taɓa sauya min fuska ba. Kowace Asabar in gardama ta yi zafi yakan ce, ba tare da ya dubi inda nake ba, "Akwai wanda ya san ƙarshen nan. Ranar da ya shirya zai faɗa." Na yi ta cewa sai mako mai zuwa, har makonni suka ƙare.

Ya kasance mai rufa asirin yarinya shekara bakwai, ya mai da ɓarnarta abin da ya fi haɗa mu hira. Yau kuma, yana kabari, shi ne ya sa na buɗe baki a gaban mutane.

Yaya Balarabe, ga gwangwanin madara, abin yana ciki, bai lalace ba. Haƙƙin mahaifinka ne, kuma haƙƙin duk wanda ya taɓa zama a siton nan. Ban samu na roƙi Malam gafara ba. Ina roƙon ku, ku yafe mini. Yaya Balarabe, na san mahaifinka ya koya maka liƙa fim.

Baba Jibrin, ka yi haƙuri. Uban ya yi iyo da kyau, amma ruwa ya kai shi wani gefe. Wutsiyar jakin Auta ta kama, shi ya ja ta zuwa gaɓa. Baffa Dikko, don Allah a yi wa Baba Jibrin a hankali.

Inna Kulu, mijinki bai yi miki ƙarya ba. Auta ta rayu. Uwarta ta lulluɓe ta da zani ta rungume ta. Ki ɗaga zaren fim ɗin a hasken ƙofa, za ki gani da idonki.

Mun gode muku da kuka ba mu shi duk Asabar. Na gode da kuka saurare ni.

Allah ya jiƙan Malam Inuwa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Allah ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan mahaifiyata da dukkan magabatanmu, ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum.