Kifin Umma

AUTA: Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?

BABA: Wa alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya aiki? Ya maigidan naki?

AUTA: Lafiya ƙalau, yana gaishe ku. Ya shago? Ya ƙafar?

BABA: Da sauƙi. Ya amaryata, ta fara tafiya?

AUTA: Tana dafa kujera dai. Ina Umma?

BABA: Tana ɗaki. Auta, tambaya gare ni. In mutum ya sayo karfasa biyu da alayyahu, da wanne zai fara?

AUTA: Wane mutum?

BABA: Wani dai.

AUTA: Baba, ƙarar famfon kicin nake ji ta wayar. Kai ne a kicin?

BABA: To haramun ne? Faɗa mini kawai, ta kusa shan maganin yamma, kuma an ce kada ta sha ba ta ci komai ba.

AUTA: Wane magani? Me ya sami Umma?

BABA: Kin ga abin da na guda. Ranar Litinin tana shanya jininta ya hau, hannun dama ya saki. Kwana uku muka yi a asibiti, jiya aka sallame mu. Tana magana, tana tafiya. Hannun ne bai gama dawowa ba.

AUTA: Innalillahi. Kwana uku, Baba, ba wanda ya kira ni?

BABA: Ita ta hana. Ta ce ga goyo ga aiki, kada a tayar miki da hankali. Faɗan ki ajiye shi sai kin zo. Likita ya ce ban da suya, gishiri kaɗan, ganye da yawa. Maƙwabta sun aiko da abinci, Allah ya saka musu, amma mai har yawo yake a kai. Auta? Kina ji na?

AUTA: Ina ji. An gyara maka kifin?

BABA: Mai kifin ya kankare, ya yanka gida uku-uku.

AUTA: To wanke shi da lemon tsami. Ka yanka albasa ɗaya da tumatir biyu, ka daka tafarnuwa da 'yar citta.

BABA: Ina take ajiye cittar?

AUTA: Gwangwanin madara, bayan sukari.

BABA: Ga shi. Shekara arba'in ina cin abincin ɗakin nan, kantocin ma ni na kafa su da hannuna, amma ban san me ke kansu ba.

AUTA: Mai cokali ɗaya, Baba. Na cin abinci, ba ludayi ba. In albasar ta yi laushi ka zuba sauran da rabin kofin ruwa, ka jera kifin a kai, ka rufe. Minti goma, wuta ƙasa-ƙasa. Kada ka juya.

BABA: In soya? Ai na ce miki an hana.

AUTA: Juya na ce! Kada ka juya, farfashewa zai yi.

BABA: To. Na rufe. Ganyen fa? Ya cika roba, anya tukunyar za ta ɗauka?

AUTA: Zai kwanta. Ka wanke shi sau uku saboda ƙasa, sai a ƙarshe za ka zuba. Minti uku ya isa, a sauke shi da korensa. Kuma ka cire mata ƙayar tun a kicin, kada ka yi a gabanta. Ka san Umma.

BABA: Na sani. Da safe na miƙa mata cokali a baki, ta kau da kai. Da hagu ta sha kokonta, rabi ya zube a zane. Na fita tsakar gida na tsaya kamar ina neman wani abu.

AUTA: Zai dawo, Baba, in sha Allahu.

BABA: Haka suka ce, in ana motsa shi. Auta, wane yanki zan sa mata? Tsakiya ko? Kullum wutsiya nake gani a kwanonta.

AUTA: Kai take so.

BABA: Ni?

AUTA: Kan kifin, Baba.

BABA: Ai ni take zuba wa kan. Tun muna gidan haya.

AUTA: Saboda ka taɓa cewa ya yi daɗi. In ka yi tafiya, ita ke cinye shi, ko ɗanɗane ba ta ba mu.

BABA: Ikon Allah. Ni kuwa ban damu da shi ba, don kada ta ji babu daɗi nake ci.

AUTA: To yau ka sa mata duka biyun. Gobe da motar farko zan taho.

BABA: Ki zo. Amma kada ki karɓe mini tukunyar, ki tsaya a gefe ki nuna mini kawai. Murfin ya fara rawa, in buɗe?

AUTA: Minti nawa ke nan?

BABA: Ban duba agogo ba. Tsaya, ga ta nan ta fito, wai ƙamshin me take...

AUTA: Ba ta wayar, Baba. Baba? Hello?