Shinkafar Kirsimetin da Ban Dafa Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai daɗi, 'yan'uwana na wannan zumunta. Ni ce Rahila, matar Dauda mai kaɗa mana ganga ranar Lahadi. Mama Pasto ta ce in rubuta shaidata a takardar zumunta, na ce mata hannuna zai yi rawa. Ta ce ya yi ta rawar, in dai zai rubuta.

A Zariya na taso, ina ɓoye littattafan soyayya na kasuwa a ƙarƙashin katifa. A cikinsu, da zarar amarya ta hau jirgi da angonta, wahala ta ƙare. Saboda haka da Dauda ya sami gurbin karatu a Kuala Lumpur bayan bikinmu, na ce shi ke nan, na shiga babin ƙarshe.

Babu littafin da ya gaya mini abin da amarya take yi da ƙarfe goma na safe a hawa na goma sha huɗu a unguwar Pantai Dalam, miji ya tafi jami'a, an gama shara, an gama wanke-wanke, ga yini a gaba.

Da Nuwamba ta shigo, sama ta rufe. Kullum hadari, kullum ruwa, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Wani nauyi ya sauka a ƙirjina. Ban iya zama, ban iya kwanciya. In tashi daga falo in je taga, daga taga in buɗe firiji, in rufe, in koma taga. Wani lokaci in hau jirgin ƙasa har kasuwar Masjid India, in yi ta shafa yadudduka a shaguna ba tare da na ga launinsu ba, in juyo gida.

Yayata Saratu tana Ingila. Can sanyi ne, duhu tun la'asar, kuma ita ma zuciyarta takan yi nauyi a wannan lokaci. Duk dangi suna yi mata addu'a a waya. Ni kuwa sai su ce, “Ke kam kin more, ƙasarku ko rigar sanyi ba a sani ba!” Sai in tura musu hoton dariya. Na ɗauka wannan ciwo na mutanen ƙasar ƙanƙara ne. Ni da ke cikin gumi, da wane baki zan yi kuka?

Kirsimeti ta zo, ban ɗora tukunya ba. Na ce wa Dauda kaina ke ciwo. Ya sauka ya yo mana tapau, wato abincin tafi-da-gidanka, a shagon mamak, Indiyawa masu sayar da abinci, muka ci a cikin roba, ya yi ta kallona.

A farkon Janairu Yaya Saratu ta turo saƙo: wai Litinin ta uku a watan ita ce ranar da ta fi kowace rana baƙin ciki a shekara, mu sa ta a addu'a. 'Yan'uwa, na rungumi wannan magana hannu biyu! A littattafaina, baƙin cikin jaruma yana da rana guda da yake kai ƙarshe, daga nan sai haske. Na zagaye ranar da jan biro a kalanda. Na ce wa kaina, in Talata ta waye nauyin nan bai tafi ba, to auren ne bai karɓe ni ba, zan koma gidan ubana. Na rubuta wa Dauda wasiƙar ban kwana, shafi uku, har da hawaye a kan takarda. Na ɓoye.

Litinin ta zo. Na zauna ina jiranta kamar baƙuwa. Sai ga rana ta fito tar, wadda muka kwana biyu ba mu gani ba! Wanki ya bushe. Babu abin da ya faru.

Talata ta waye, nauyin yana nan inda yake, bai ragu ba ko kaɗan.

Da Dauda ya fita, na jawo akwati na zuba kaya, na sa fasfo a jaka, na ajiye wasiƙar a kan matashinsa. Na durƙusa don in ja zif, sai na saki zif ɗin na haɗa hannuwana. Wata biyu ke nan ban yi addu'a da kaina ba. Na ce, “Yesu, na gaji. Ban san sunan abin da ke damuna ba, kuma ba zan iya fara faɗa ba. In kana so in zauna, ka aiko wanda zai tambaye ni.”

Ban ma share fuska ba aka buga ƙofa.

Maman Hanifa ce, maƙwabciyarmu ta hawan sama, Bakanuwa, Musulma, mijinta malami ne a jami'a. Da Babbar Sallah ta sauko mana da nama cike da kwano, ni kuma na yi mata alkawarin shinkafar Kirsimeti, yadda muka saba a gida.

Ta riƙe ƙugu. “Amarya, cigiya na zo. Ina shinkafata?”

Na matsa mata ta shigo, ta ci gaba.

“Ranar Kirsimetinku na hana kowa cin abincin rana a gidana, na ce ta Zariya tana tafe. Har magariba muna sauraren ƙofa! Malam ya ce ƙila na yi miki laifi. Mako uku ina lissafin abin da na yi. Yau na ce wallahi sai na sauko na ji.”

Sai idonta ya faɗa kan akwatin. Muryarta ta sauka.

“Rahila, me ke damunki?”

Halleluya! Tambayar da na roƙa ke nan, ko minti biyar ba a yi ba!

Na fashe da kuka na gaya mata komai, har da jan biro, har da Litinin. Ta saurara har na gama. Ta ce shekararta ta farko a garin nan ita ma haka ta yi, sai da Malam ya kai ta asibiti. “Wa ya ce miki sai da sanyi? Kira mijinki.”

Na ce yana tsakiyar karatu.

Ta je ta zauna daram a kan akwatina. “To nan zan yini. Kira shi, lah,” ta ƙarasa da irin maganar mutanen garin nan.

Dauda ya shigo yana haki, ko jakarsa bai ɗauko ba. Ya karanta wasiƙar a tsaye. Ya ce, “Shafi uku, Rahila? Ni da nake jiran layi ɗaya tun Nuwamba? Na ɗauka ni ne kika gaji da ni, shi ya sa na ji tsoron tambaya.” Muka durƙusa mu biyu a gefen gado, Maman Hanifa ta ja mana ƙofa ta fita.

Washegari Mama Pasto ta raka mu wurin likita. Na ba ta labarin Litinin, ta yi murmushi, ta ce masu talla ne suka ƙirƙiro wannan rana, baƙin ciki ba ya duba kalanda. Amma ciwon gaskiya ne, ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bai tafi rana ɗaya ba. Har yanzu ina ganin likita, har yanzu wata safiyar takan yi nauyi. Amma yanzu ina da baki, kuma akwatin yana saman kabad, babu komai a ciki.

A watan Fabrairu na dafa shinkafar Kirsimeti, da kaza da soyayyar albasa. Dauda ya ɗauki tukunyar, muka hau sama. Maman Hanifa ta ɗanɗana ta ce, “Ta makara, amma na yafe.”

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya ji addu'ar da na yi a gaban akwati, ya riƙe mini aurena. 'Yar'uwa, ɗan'uwa, kada ka zagaye wata rana kana jira. Faɗa masa yau, ka dogara gare shi, yana ji. In kuma akwai wanda shinkafarsa ba ta iso ƙofarka bana ba, kada ka ƙirga mako uku. Sauka ka buga. Amin!