Maganin Tsai da Jini

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai cetonmu. Yawancinku kun san ni da Baba Mai Ƙofa. Da ƙuruciyata na zo ƙasar nan leburanci lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori. Da aka gama, aka ba ni aikin buɗe ƙofar ruwa da rufe ta a wajen Birnin Tudu. Abokan zuwana duk sun koma gida, ni na zauna. A nan na binne matata. 'Yata guda tana aure can nesa, tana fama da nata gidan.

Hawa da sauka a bakin magudana ne suka cinye mini gwiwar dama. Ta kai ko bayan gida sai da jan gindi. A wani babban asibiti a Sakkwato likita, wata mace mai haƙuri, ta ce sai an sa mini gwiwar ƙarfe. Ta ce aikin yana zubar da jini, nawa kuma ba shi da yawa, don haka in kawo mutum biyu su ba da jini a ajiye.

"Baba, wa ke gare ka?" in ji ta.

Na ce suna hanya. Ni da na san babu wanda ya taso daga ko'ina.

Lahadi uku na zauna a bencin can na baya ina duban ku ɗaya-ɗaya, bakina ya ƙi buɗewa. Girman kai ne, ba wani abu ba. Mutumin da manoma ke bi suna roƙo ya sakar musu ruwa, yau shi zai roƙi jini? Sai in koma ɗaki in dafa tuwon mutum ɗaya, in kasa ci. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai a kwanakin nan.

Wata rana da hantsi na kasa tashi daga tabarma, randa tana taku huɗu daga inda nake, ƙishirwa tana cina. Nan na yi kuka, na ce, "Ubangiji, ba ni da kowa, kuma na yi ƙarya. Idan kana so in sake tafiya, ka buɗe hanya." Iyakar addu'ar ke nan.

Na koma na faɗa wa likita gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce za su fara ba ni maganin ƙarin jini, su ajiye ledar jini ɗaya daga ma'ajiyarsu, ranar aiki kuma su yi mini allurar da ke tsai da jini.

Ina jin haka na ture takardar amincewa da ta miƙo mini in sa hannu. A aikinmu, in ka tsai da ruwa, shinkafa ta mutu. Na ce, "Likita, in jinina ya tsaya, ai ni ma na tsaya."

Ta yi dariya, ta tambayi sana'ata. Sannan ta ce, "Baba, ba ƙoha za mu ruhe ba. In magudana ta ɓule ka liƙe da laka, mi kaka tsoro?"

Na ce, "Kada ruwa ya wanke lakar."

"To maganin ga, shi ka riƙe lakar. Jini na bisa hanyarshi."

Nan take na sa hannu.

Aka yi aiki, ledar nan ko taɓa ta ba a yi ba. Yabo ga Ubangiji! Amma da na farfaɗo, na ji nas tana kira, "Ina mai jinyar gado na shida?" Ta kira sau uku. Na juya fuskata bango. Matar wani majinyaci daga Faru ce ta riƙa zuba mini kunu a kofinta har aka sallame ni.

Kun ga yau da ƙafata na shigo, ina gode wa Allah da bai bar ni ba. Ku dogara gare shi, yana jin addu'ar da aka yi a ɗakin da babu kowa. Amma ku gafarce ni: na ce muku gida na tafi ganin dangi, alhali ina kwance a asibiti. Ni na hana ku zuwa.

Likita ta ce bayan damina sai gwiwar hagu. Jini dai akwai magani. Wanda zai zauna a bakin gadona nake roƙo a cikinku.