Suna Biyar a Takardar Gida

A tashar Kazaure, cikin motar Roni da ba ta cika ba, wata dattijuwa mai ambulan a cinya tana magana da mutumin da ke gefenta.

"Gidanmu na sake jinginarwa a banki, ɗan nan. Lauya ya ce kowane suna da ke takardar gidan, dubu goma ne kuɗin aikinsa. Hamsin ke nan."

"Ku biyar ne, Inna?"

"Ni da 'ya'yana huɗu. Amma Ukasha ya rasu bara. Bashin farko ma na jinyarsa ne."

"Allah ya jiƙansa. To ai wannan zalunci ne! Mamaci yana sa hannu ne? Da kin tsaya kin yi gardama."

"Na yi, har muryata ta dishe. Zuwana uku ke nan."

"Bai rage ba?"

"Yau ya yarda zai cire dubu goman. Sai ya ɗauko biro zai ja layi a kan sunan yaron."

"Alhamdu lillahi, kin yi nasara."

"Hannunsa na riƙe, ɗan nan. Ukasha ne ya ɗora katangar gidan nan da kansa. Na kwance bakin zani na biya."