Ragar Yaya da Tawa

Shugaban asibiti, Likita babba ta sashen zuciya, ma'aikatan jinya, matar Yaya da 'ya'yansa, 'yan uwana na bencin jira, ina gaishe ku. An ce in yi magana a madadinmu, masu raga a ƙirji.

Ga wanda bai sani ba, raga ita ce 'yar wayar ƙarfen da likita ke zurawa cikin jijiyar zuciya idan ta toshe, ta tokare ta jini ya wuce. Yayana direban bas ne. An sa masa tasa tun lokacin da asibitin nan ba shi da wata sai mai kaurin waya, ƙarfe zalla. Ba a rufa shekara ba nama ya tsiro a cikinta, hanya ta matse. Aka buɗe, ta sake matsewa. Dole ya ajiye tuƙi.

Ya kasance ba ya fashin zuwa benci, ko da ba ranar ganin likitansa ba ce, har muka naɗa shi Sarkin Benci. Ya kasance idan ya hango sabon zuwa, sai ya matsa kusa ya ce, "Malam, tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka ce a faɗa maka wace iri za a sa maka." Ya kasance yana bin mu har ƙofar gida a kan ƙwayar hana jini daskarewa. In ka ce ka warke ka daina sha, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Da tawa jijiyar ta toshe, shi ya raka ni. Ina kwance na ji yana cewa, "Likita, irin tawa za ki sa masa?"

Ta ce, "A'a. Wannan wayarta siririya ce, kuma akwai magani a jikinta da ke rage tsirowar naman."

"Ni fa? A cire tawa a musanya?"

"Taka ta riga ta zama jikinka. Ba ta fita."

Can ya yi dariya ya ce, "Ƙarami ya samu sabuwar mota, babba na nan da akwalarsa." Ya ɗauki takalmana ya rungume, aka tura ni ciki.

Tun daga ranar ƙirjina bai sake ciwo ba. Shi kuwa wata rana da safe ne, ya sunkuya zai ɗauki tsintsiya, bai miƙe ba, rai ya yi halinsa.

Matar Yaya, kin tambaye ni, da ciwon ya jinkirta har sabuwar ta zo, da yanzu yana nan? Na kai wa Likita tambayar. Ta ce, "Wataƙila. Ba zan rantse ba." Iyakar abin da na samo miki ke nan, ki yi haƙuri.

Ku kuma 'ya'yan Yaya, 'ya'yana, an ce ciwon yana bin dangi. Ku zo a duba ku, kada ku jira sai ya kayar da ku.

Mun gode wa Likita da ba ta taɓa ɓoye masa gaskiya ba. Mun gode muku duka da kuka zo. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku saka ni a addu'a. Har yau ban yi masa kuka ba. Allah ya sauko min da kukan.