Wankin Kalwa Ya Cinye Zanen Yatsuna

Salamu alaikum ɗana mai karanta wasiƙu. Ni ce Iya Talatu mai daddawa daga ƙauyen Kunci, maƙwabciyata nake faɗa wa tana rubutawa.

An rufe min layin waya, wai ban haɗa shi da katin ɗan ƙasa ba. Ta layin nan masu sarin daddawa daga Ɗambatta ke kirana. Na je rajistar katin, na'ura ta ƙi karɓar zanen yatsuna. Ma'aikacin ya ce, "Iya, wankin kalwa ya cinye zanen. Ki hutar da hannun, sai ki dawo."

Yanzu kuma ana cewa za a ba wani lambata, duk na tsorata. Don Allah ɗana, ka tambayar min hukuma: in na hutar da hannun nan, me zan ci?